Arlis Huskins da Dikin Yashi

Shekarar da mijina Rufus ya rasu, motarsa ta dawo hannuna, tsohuwar Buick mai faɗi kamar kwalekwale. Ba ta ba ni wahalar komai sai abu guda. Akwai ɗan tudu a ƙofar harabar cocinmu, to duk Lahadi in na zo shiga sai cikinta ya gogi kwalta, ƙuuuu, har masu gaisawa a kan matakala su waiwayo. Ni kuwa ba na son a waiwayo saboda ni. Daga baya na koma ajiye ta a bakin titi ina ƙarasawa da ƙafa.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada na fito na tarar da maƙwabcina Arlis Huskins a bayan motar, da kwat ɗinsa ta coci, gwiwa ɗaya a ƙasa, yana auna tsakanin taya da jikin mota da tef ɗin awo.

Ya ce, "Sista Idella, alfadari kika ɓoye a but ɗin nan?"

Na buɗe masa. Akwatunan ƙarafan Rufus ne, da sarƙar jan itace, da jak biyu, da takalmansa na aiki, yadda ya bar su. Na kasa taɓa ko ɗaya. Na tsaya ina jiran ya faɗi abin da kowa zai faɗa, wato a sauke kaya mota ta huta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe but ɗin a hankali.

Ya ce, "Motar ba ta da laifi, kayan ma ba su da laifi. Sifirin ne ba a sanar da shi an ƙara masa aiki ba. Kawo ta ranar Talata."

Ya sa mata sifirin masu tauri a baya. Lahadin da ta biyo na shiga haraba shiru, ba wanda ya ɗaga kai. Kayan nan sun daɗe a but kafin na iya sauke su da hannuna, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni ba.

Wannan shi ne Arlis. A gonar taba aka haife shi, a hayin kogin Yadkin, kuma tun yana ƙarami ya fi son kwanciya ƙarƙashin tarakta da tsinkar ganye. Ya yi aikinsa duka a garejin motocin makaranta na gundumarmu har ya yi ritaya. Yakan ce bas cike da yara da bas wanda ba kowa a ciki motoci biyu ne daban, direban da bai san haka ba kada a ba shi 'ya'yan mutane. Matarsa Nelda ita ke kaɗa mana fiyano a coci, mace ce mai fara'a, amma in ta ce a'a ko fasto ba ya sake tambaya. Gidansu na kallon nawa, garejinsa kuma na kallon tagar da nake ɗinki, don haka rabin rayuwarsa a gaban idona aka yi ta.

Shi ba ya kallon mota yadda muke kallo. Mu fenti muke gani, shi tsayuwarta yake gani. Sai mu fito daga kanti ya tsaya cak a filin ajiye motoci ya ce, "Dubi waccan, ta karkata hagu kamar mai ciwon ƙugu." In samarin gari suka wuce da motocinsu da suka danne har ciki na shafar ƙasa don gayu, sai ya dafe kai. "Sun hana ta gwiwa. Wanda ba ya iya lanƙwasa gwiwa yaya zai yi rawa?"

Tasa motar 'yar ƙaramar Mazda ce mai kujera biyu, ja ce amma rana ta cinye jan. Da ita yake tsere. Ba irin na talabijin ba da motoci ke gogar juna. A tsohon filin jirgi na bayan gari ake jera robobi masu tsini, irin na masu gyaran titi, a fitar da hanya mai kwana kan kwana. Mota ɗaya ke shiga, agogo ke yanke hukunci, wanda ya ture roba a ƙara masa lokaci. Tun farko Nelda ta kafa masa doka cewa Asabar kaɗai, Lahadi ta Ubangiji ce. Bai taɓa karyawa ba, duk da na sha ganin ƙafarsa ta dama na danna ƙasa ana tsakiyar wa'azi.

A can filin yana da abokin hamayya, Lonzo Spivey mai shagon taya, wanda suka yi firamare tare. Motarsu iri ɗaya, ta Lonzo shuɗiya. Tun suna da gashi a kai suke wannan abu, yau wannan ya ci gobe wancan, kuma ban taɓa jin sun kira juna da sunan yanka ba. Lonzo na kiransa Tumbi, shi kuma yana kiran Lonzo Sanƙo.

Tumbin kuwa akwai shi. Arlis a lokacin laba ɗari biyu da sittin ne, soyayyiyar kaza da biskit da romo suka gina shi. In zai shiga 'yar motar nan sai ka ce ana cusa matashi a aljihu.

Abin da ya fi ƙauna a duniya, bayan Nelda da jikokinsa, shi ne shokokin motar. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ya maimaita mini bayanin har na haddace kamar Zabura. Shoka ce aka zura a cikin sifirin, jikinta da zane irin na noti, da wani zobe da sifirin ke zaune a kansa. A murɗa zoben sama, wannan kusurwar motar ta ɗago. A murɗa ƙasa, ta sauka. Kowane sifirin kuma da lambarsa, wato laba nawa za a ɗora masa kafin ya lotsa inci guda.

Yakan ce mini, "Kamar katifa ne, Sista. In ta cika laushi ki nutse, in ta cika tauri ki tashi da ciwon baya. Aikin duka neman tsakiya ne."

Yana da sikeli huɗu, faranti ne na ƙarfe, kowace taya da nata, wayoyinsu na haɗuwa a wani ɗan akwati mai nuna lamba. Ranar farko da na ga mota a kansu na tambaye shi, "Ɗan'uwa Arlis, sayar da ita za ka yi da mudu?"

Ya yi dariya har da tari. Ya jawo teburin aikinsa ya cusa kwali ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Teburin ya fara rawa. Ya ce in duba, ƙafar da aka ɗaga da wadda ke can kusurwar da ke kallonta su suka kwashe nauyi, sauran biyun suna hutu. Haka mota take. Gaban hagu da bayan dama tagwaye ne, gaban dama da bayan hagu ma tagwaye ne. In tagwayen nan suka ɗauki nauyi daidai da waɗancan, mota za ta sha kwanar hagu yadda take shan ta dama. In ba haka ba, ta bi ka a gefe ɗaya, ta ci amanarka a ɗayan.

To amma ba a auna mota ba direba a ciki, tunda ba ita kaɗai za ta yi tseren ba. Shi kuma ba zai zauna a kujera ya kuma kwanta yana murɗa zobe a lokaci guda ba. Shi ya sa tun shekaru masu yawa Nelda ta ɗinke ƙafafun wani tsohon wandon aikinsa mai haɗe da riga, aka ɗura yashi a leda aka cika shi har ya kai nauyin Arlis cif. Aka sa masa rigar Arlis da hular hana sallah. Lonzo ne ya raɗa masa suna Dikin Yashi, wato dattijon coci na yashi, wai don yana zama a wuri ɗaya, ba ya fashi, kuma ba ya fahimtar komai. Duk masu tseren yankinmu sun san Dikin. Har katin Kirsimeti aka taɓa aiko masa.

Ana nan sai zuciyar Arlis ta buga masa gargaɗi, wata kaka, yana tsaka da share ganye. Aka tsaga ƙirjinsa a asibiti. Mun yi addu'a a zumuntar mata har gwiwoyinmu suka yi kanta, Ubangiji kuwa ya ji. Ya dawo gida da dogon tabo da dogayen dokoki. Ba soyayye, ba gishiri, ba romo. Nelda ta tsare tukunya kamar soja. Kafin sanyi ya wuce mutumin nan ya zube, laba saba'in suka tafi, wuyansa na yawo a cikin kwalar riga.

Abin da ya riƙe shi a watannin sanyin nan sababbin shokoki ne da ya yi wa kansa oda. Ranar da suka iso ya kira ni ta katanga kamar an yi masa haihuwa. "Sista Idella! Zo ki gani! Dubi zoben nan, dubi yadda yake juyawa da yatsa biyu!" Likita ya hana shi ɗaga nauyi, sai ya riƙa zama a 'yar kujera mai taya yana ɗaura su sannu a hankali. Da ya gama, ya sa surukinsa ya cicciɓo masa Dikin ya zaunar, ya ɗora mota a sikeli, ya yi ta murɗawa har lambobi suka daidaita. Likita ya ba shi izinin tuƙi da bazara.

Asabar ɗin farko na bi Nelda filin tsere don in riƙe mata hannu. Lonzo ya hango Arlis daga nesa ya buga ihu.

"Jama'a, ina Tumbi? Wa ya aiko mana tsinken sakace da hular kwano?"

Arlis ya ce, "Tsinken nan ne zai sakace ka yau, Sanƙo. Rufe kanka, hasken na kashe wa direbobi ido."

Suka rungume juna, na ga Lonzo na share ido a ɓoye.

Aka ɗaga tuta, 'yar ja ta fita kamar an harba ta. Kwanar farko ta dama ce, ta sha ta lafiya. Ta ratsa jerin robobi tana karkaɗa kamar kifi. Sai ga babbar kwanar hagu a can ƙarshen fili. Yana shiga, bayan motar ya zame ya wuce gabanta, ta juya kamar mazari, robobi suka tashi sama, hayaƙin taya ya rufe ta. Nelda ta matse hannuna har zobena ya shige nama. Arlis ya fito lafiya yana ɗaga hannu. Zagaye na biyu ya shiga a tsorace, duk da haka ta sake juyawa da shi, a wannan kwanar dai.

Da yamma ina kan barandarsu Nelda ta ajiye kofin shayin ƙanƙara ta ce masa, ba da faɗa ba, "Arlis, na zauna a bakin ɗakin tiyata sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Akwai tsere Asabar ta sama. Je ka. In motar nan ta sake juyawa da kai, ranar za ta bar gidan nan, da sikelin da komai."

Ya kalli hannuwansa ya ce, "Na yarda."

Daga ranar ban ga ƙofar garejin a rufe ba. Ya sassauta sifirin na baya, ya mayar. Ya canja iskar taya. Ya duba tsawon kowace kusurwa da tef. Ya sake ɗora ta a sikeli da Dikin a ciki, lambobi suka fito daidai wa daida. Wannan ne ya karya masa gwiwa. Na ji yana gaya wa Lonzo a bakin gareji.

"Sikeli ba ya ƙarya, Sanƙo. Motar lafiyarta lau. Ni ne. Hannun hagun nan tun tiyata ba nawa ba ne."

"Kai dai faɗi gaskiya, tsufa ne. Sayar mini da shokokin in rage maka baƙin ciki."

Wasa Lonzo yake yi, amma Arlis bai rama ba. Ranar na san abin ya kai inda ya kai, don mutumin da ya daina rama tsiyar Lonzo ya fara sallama.

Ana saura kwana biyu tseren, na haye da kwat ɗinsa ta coci. Nelda ce ta kawo mini in rage, don ta koma masa kamar tanti. Na rage abin da na rage, ina so ya gwada kafin in datse. Na same shi da rana tsaka zaune a kan bokiti ya zuba wa motar ido, tana kan sikeli, Dikin Yashi a kujera da hularsa. Nelda ta fito da fil a baki ta taya ni. Ya miƙe ya sa kwat, na riƙa kama bayanta, tafin hannu guda a kowane gefe, kuma har yanzu da saura.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ina ɗago kai sai na ga Dikin ta gilashi, rigar Arlis ta dā ta ɗame shi, maɓallai na neman tsinkewa. Dariya ta kama ni. Don in ɗan sa shi murmushi na ce, "Ka ga Dikin kuwa ba ya bukatar tela. Shi Nelda ba ta hana shi romo ba, yana nan da tumbinsa."

Arlis bai yi dariya ba. Ya sandare, hannu ɗaya a cikin kwat ɗaya a waje. Ya kalli Dikin, ya kalli cikinsa, ya sake kallon Dikin.

"Nelda. Nelda, wa nake aunawa?"

"Me kake cewa?"

"Wa nake aunawa tun sanyi? Wancan mutumin ai ba ni ba ne! Wancan Tumbi ne! Na daidaita mota wa mutumin da ya bar duniya tun a asibiti!"

Ya zabura da fil a jikinsa, ya buɗe ƙofa, ya nuna mana ƙarƙashin kujera. Tun da tumbi ya tafi ya matso da kujerarsa gaba don ya kai sitiyari. Amma Dikin ba ya shiga a haka, sai an tura kujera can baya. Duk lokacin da zai auna sai ya tura ta baya, ba tare da ya yi tunani ba, don haka hannunsa ya saba.

"Kuskure biyu! Nauyi ba nawa ba, wurin zama ba nawa ba! Ya Ubangiji, ka ga wawan bawanka!"

Mu uku muka jawo Dikin, ni da Nelda muka kama ƙafafu don kada Arlis ya yi nishi. Ya faɗo ƙasa tim, hula ta gangara. Arlis ya matso da kujera, ya shiga ya zauna, ya kama sitiyari.

"Karanta mini, Nelda! Sista, ke ma duba, kada ta rage don ta rabu da motar!"

Nelda ta sa tabarau ta karanta. Lambobin da suke daidai ɗazu sun watse. Gaban hagu da bayan dama sun yi nauyi, bayan hagu kuwa kamar yana tsaye da ɗan yatsa. Arlis ya riƙa dukan sitiyari yana ihu.

"Shi ne! Shi ne! Kwanar hagu, nauyi duk ya koma bayan dama, ta hagu ta saki ƙasa, wutsiya ta tafi! Ba hannuna ba ne, Nelda, ba hannuna ba ne!"

Nelda ta cire tabarau ta ce, "Sharaɗina dai na nan."

"Ya zauna! Kawo sikelin banɗaki da almakashi!"

Haka aka yi wa Dikin Yashi tasa tiyatar a kan simintin gareji. Ni na farke shi ta ciki da almakashina na ɗinki. Arlis na ɗibar yashi da gwangwanin kofi yana zubawa a baro, yana cewa, "Yi haƙuri Dikin, ni ma haka aka yi mini. Ba soyayye, ba romo." Aka yi ta ragewa ana aunawa har ya zo daidai da sabon Arlis. Na ɗinke shi da zare mai ƙarfi, na bar masa tabo tun daga wuya har cibiya, na kuma rage masa riga tunda ina wurin.

Yanzu Dikin ya shiga kujerar a inda take. Arlis ya kwanta da sifanarsa mai ƙugiya. Ya ɗan murɗa zoben bayan hagu sama, ya ɗan sauke na bayan dama, ya tashi ya danna motar ta yi tsalle don ta zauna sosai, ya duba lamba, ya auna tsawo da tef, ya koma. In ya gyara nan sai can ya motsa. Yana yi yana rera waƙar sujada, da baitocin da ba su cikin littafi. Rana ba ta faɗi ba lambobin suka haɗu. Muka fitar da Dikin, Arlis ya shiga da kansa don ya tabbatar, suka tsaya inda suke.

Da Lonzo ya ji labari a waya, har ni da ke gefe ina jin dariyarsa. Ya ce laba saba'in ba sa juya mota, tsoro ne ya juya ta, Arlis dai ya samu wanda zai ɗora wa laifi, bawan Allahn da ba ya iya kare kansa. Ni ban san wanda ya fi gaskiya ba. Na dai san a daren Alhamis ɗin Arlis ya cinye dafaffen kifinsa mara gishiri har ya nemi ƙari.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Asabar ta zo da rana mai kyau. Labari ya riga mu isa, kowa na tambayar jikin Dikin, wani ma ya kawo masa furanni. An sake jera robobin daban, amma babbar kwanar hagu na nan a ƙarshen fili, har ta fi ta wancan karon tsawo. Arlis ya zagaya hanyar da ƙafa tare da sauran direbobi, ya daɗe tsaye a wurin. Da ya dawo ya sa hular kwano, Nelda ta ɗaure masa igiyar da kanta.

Ni da ita muka tsaya a bayan igiya. Na fara Zabura ta ashirin da uku a zuci, ban kai ko'ina ba aka ɗaga tuta.

Ya fita. Dama, lafiya. Jerin robobi, lafiya. Sai miƙaƙƙiyar hanya, injin na kuka, yana tunkarar kwanar. Na yi zaton zai taka birki tun da nisa kamar mai tsoro. Bai taka ba. Ya kai har bakinta, fitilun baya suka yi ja sau ɗaya, ya karya sitiyari. Motar ta kwanta dama kaɗan, tayoyi suka fara wani siririn kuka, ni kuwa bayanta kawai nake kallo. Yana nan. Yana bin gaba kamar ɗan rago da uwarsa. Rabin kwana, yana nan. Sai na ji injin ya ƙara murya tun bai fita ba, ya danna mai a cikin kwanar, ta fito a miƙe ba roba ɗaya da ta motsa.

Wani ihu na ji a kunnena, "Taka, Arlis! Taka ta, tsohon banza!" Na waiga, Nelda ce, mai fiyanon cocinmu, tana tsalle da jaka a hannu. Ni ma ban san lokacin da hulata ta faɗi ba.

Ya yi sauran zagayensa, kowanne ya fi na baya sauri, ba ta ko yi alamar zamewa ba. A ƙarshe Lonzo ne ya ci, da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya kuma yi ta shela wai ya kayar da mutum biyu, Tsinke da Dikin. Arlis ya ce ya ci abinsa, shi yau ba da Sanƙo ya yi tsere ba. Ya tsaya gaban Nelda da hular kwano a hammata, gumi na zuba, yana jira.

Ta gyara masa kwalar riga ta ce, "Motar nan na bukatar fenti. Ba zan riƙa zuwa nan ana ganina da abu kamar tsohon tumatir ba."

Ya ɗaga ta sama, ta ce ya sauke ta ko ta gaya wa likita.

Muna haɗa kaya, na sunkuya ina naɗe bargon da muka zauna a kai, sai na ga takalman Arlis a gabana. Ya cire hular hana sallarsa yana murza ta kamar mai neman aure.

"Sista Idella, ana barin direba ya ɗauki fasinja. Nelda ta ce ko da kuɗi ba za ta shiga ba. Ina so wata Asabar ki zauna a gefena ki ji kwanar nan da jikinki, don daga bayan igiya rabin abin kike gani."

Na ce, "Ɗan'uwa Arlis, ni da ko lilo ban taɓa hawa ba?"

Ya ce, "Zan bi da ke a hankali, zagayen farko dai. Sai dai akwai abu ɗaya, kuma ki yi haƙuri, na san ba a tambayar mace wannan." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Sai kin zo gareji kin shiga mota a kan sikeli tukuna. Lambar ni kaɗai zan gani, na rantse ko Nelda ba za ta ji ba. Ki zo da takalman da za ki sa ranar, da jakar ma in da ita za ki shiga."